Ko Ɗigon Ruwa

Talata, ɗaya ga Jimada Awwal, bayan la'asar

Jiya aka ga wata, yau aka buga kugen yaƙi. Ina alwalar azahar na jiyo shi daga wajen Ƙofar Taramniya, mai shela na biye yana cewa duk mai lafiyar ƙafa da kafaɗa ya gyara kwarinsa, za a koma garin nan na hayin gulbi. Ba zan rubuta sunan garin ba. Bara ma can aka je, aka dawo, ba wanda ya faɗa mana abin da aka samo.

Ni Maigandi ba yau na fara jin kuge ba. Na kwana a daji tare da Jama'a, masu jihadin farko, tun gemuna bai fito ba, kuma da hannuna a cikin ginin ganuwar Sakkwato. Amma yau da na ji shi sai bakina ya yi ɗaci, har na tofar da goron da nake ci, ga shi kuwa goro mai kyau.

A kan sauran takardar da ta rage mini nake wannan rubutu. Hajjo matata ta ce alamar tsufa ce, mutum ya zauna yana yi wa takarda gunaguni. Na ce mata gara takarda, ita ba ta zuwa gidan suna ta ba da labari.

Tukur ya dawo daga fadama da wuri. Shi ne autana, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mini. Lokacin ban ruwan albasa ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Ban tambaye shi dalili ba.

Alhamis, uku ga wata, hantsi

Mode da Tambari sun zo. Mu ukun nan ne tsofaffin da suka rage a zauren ubangidanmu, wanda unguwar nan da wasu ƙauyukan yamma ke hannunsa. An ce don shawara ake ajiye da mu. Ni dai na lura an fi tunawa da mu ranar da baƙi suka zo, a nuna musu furfura da tabo.

Mode tun bai zauna ba ya fara. Yatsu biyu ne suka rage masa a hannun dama, da su yake nuna mutum in ransa ya ɓaci.

"Kai Maigandi, ka ji abin da nij ji? Wai jihadi za a tai. Jihadi bisa mutanen da munka ci tuwon sunan ɗiyansu!"

Tambari ya gyara zama, ya dubi ƙofa. Mutumin kirki ne, sai dai tun muna samari ba ya shiga ruwa sai ya ga wani ya haye.

"Ku bi a hankali dai," in ji shi. "Ba mu san abin da manya sunka sani ba."

"Waɗanne manya? Ubangidan namu ina nan anka yi mai kaciya, har ni nir riƙe ƙahwahunai."

Na yi dariya har da tari. Daga nan muka shiga lissafin laifin mutanen garin. Wani ya ce hatsin da ake karɓa suka hana. Wani ya ce wani suka ɓoye wanda ake nema. A kasuwa kuma cewa ake sun koma tsafi. Labari uku, ba guda da ya yi kama da ɗan'uwansa.

Abin da na sani shi ne wanda idona ya gani. Daminar da ta wuce waccan, gulbi ya cika ya tsare ni a garin, na yi kwanaki a can. Na ji kiran salla da kunnena, na bi limaminsu, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi namu gyara karatu. Mun yi shawara jibi za mu yi magana a zaure, mu uku, baki ɗaya. Tambari ya ce to, amma a hankali ya faɗa.

Asabar, biyar ga wata, bayan azahar

Na faɗa.

Zauren ya cika har waje, yawanci samari, kowa sai ƙamshin sabon jima yake saboda layu da ɗamaru. Da aka gama maganar guzuri da ta dabbobi, ubangidanmu ya juyo wajenmu don a sa albarka, kamar yadda aka saba. Na ce ina da magana kafin addu'a.

"Ranka shi daɗe, ni na kwana garin ga. Na ji kiran salla, na bi sahu bayan limaminsu. In laihi sunka yi, a aika a kira su, ko a ci su tara. In kuma hari za a kai, a ce hari na, kowa shi san abin da za shi mutu a kai. Amma kar a ce ma ɗiyan mutane jihadi na. Ba jihadi ba na."

Sai wani daga cikin jarumawan gidan, yaron da na san ranar sunansa, ya ce, "Baba, halan tsuhwa ya sa ƙarhe ya hwara ba ka tsoro?"

Mode ya ɗaga hannun nan nasa sama don kowa ya gani.

"Yatsuna ukku na can gindin wata tsamiya, ban ce a biya ni ba, don na san abin da yas sa nib ba da su. Kai ka san abin da za ka ba da naka a kai? Ku bar ruɗin yara da cewa yaƙi ka maida mutum namiji. Na gani da idona, abin da shika koya ma yaro ukku na: gudu, da satar kajin talakawa, da ƙarya in ya dawo."

Nan ya wuce gona da iri, ni ma na sani. Na ga mazan kirki a fagen fama, na ga wanda ya koma cikin kibau don ya ɗauko wanda ko sunansa bai sani ba. Amma mazan kirkin nan da kirkinsu suka je, ba can suka samo shi ba. Na so in faɗi haka, hayaniya ta hana.

Tambari ya buɗe baki sau ɗaya, ya ce shi dai yana ganin a ƙara bincike. Ba wanda ya ji shi, ina jin shi ma haka ya so.

Ubangidanmu bai yi faɗa ba. Ya ce an ji, Allah ya saka, ya sa wani ya yi addu'ar. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, shida ga wata, da yamma

Ba a aiko da goron Lahadi daga gidan ubangidanmu ba.

Litinin, bakwai ga wata, bayan magariba

Tukur ya shigo zaure ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa. In yaro ya tsawaita gaisuwa haka, ka san da magana a bayanta.

"Baba, za ni tai."

Na ce ban ba shi izini ba. Ya ce innarsa ta ba shi. Wannan ban yi mamaki ba. Uban Hajjo ya faɗi a yaƙe-yaƙen farko tana goye, ba ta san fuskarsa ba, da kalmar shahidi aka raine ta. In ta ambaci ubanta har yau sai ta gyara lulluɓi.

Na ce masa albasarsa ta kusa ƙosawa, wa zai kula da ita? Na ce masa mai noman albasa ya fi ɗan baka amfani a garin nan, don ba a taɓa miya da kibiya ba. Na zaci zai yi murmushi. Bai yi ba.

"Baba, ka gahwarce ni. Wa ka saurarenka cikin zauren can in ba don tabon ga na kahwaɗarka ba? Kai ka tai, ka dawo, shi yas sa kas samu bakin cewa kar a tai. Ni in na zamna, da wane baki za ni magana ko da na tsuhwa?"

Na ce bakin da aka saya da jini ba shi da wani daɗi, ya tambayi Mode.

"Da ba ka yi maganag ga ba, wataƙila da na zamna, don ni ma ba son tahiyar nikai ba. Amma jiya a kasuwa nuna ni akai, ana cewa ga ɗan gidan da tsoro yas shiga. Yanzu in ban tai ba, ba ni iya hita ƙohwar gida."

Na yi magana don in tsare 'ya'yan mutane, ashe nawa na tura. Na daɗe ina kallon ƙafafunsa, duk faso saboda ruwan fadama. Na ce ya tashi ya je ya ci tuwo.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi a nan tun da ba ni da wanda zan faɗa wa.

Alhamis, goma ga wata, da safe

Sun fita ta Ƙofar Dundaye. Ban je ba, ƙafata ke ciwo.

Tsohuwar garkuwata da na jingine a bakin zaure jiya, don in shafa mata mai, ban same ta ba da na fito. To.

Hajjo ta raka su har inda mata ke tsayawa, ta dawo ta kama surfe, abin da ba ta yi da kanta tun da ƙugunta ya fara ciwo. Gidan ya cika da ƙarar taɓarya.

Juma'a, sha ɗaya ga wata, bayan saukowa

A masallaci an bar mini fili dama da hagu, kamar mai ƙazwa. Mode ya zo ya cike na dama, yana cewa bai taɓa samun sahu mai yalwa irin na yau ba.

Talata, sha biyar ga wata, hantsi

Yau na gamu da abin da ya fi zagin samari.

Bara'atu ce, maƙwabciyarmu ta bayan gida, gwauruwa mai saƙar faifai. Ɗanta Jibrin yana cikin waɗanda ba su dawo ba bara. Ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta yi sallama, ta ƙi shigowa.

"Malam, an ce kai kac ce ba jihadi ba na."

Na ce ni na faɗa.

"To ina da tambaya, ni ba ni da karatu. Jibrin can anka rufe shi da rigatai, da jininai, ba wanka, ba salla. Anka ce mani haka a ka yi ma shahidi, wankanai na can sama. Da wagga magana nika kwana, da ita nika tashi. In ba jihadi ba na, ashe turbuɗe mani ɗa anka yi kamar mushe?"

Na yi shekaru ina zaman shawara, an yi mini tambayoyi masu wuya a gaban manya, babu wadda ta kai ta yau. Gaskiyarta ne, haka hukuncin yake. Wanda ya faɗi a jihadi ba a yi masa wanka ba a yi masa salla. Wanda ya faɗi a faɗan Musulmi da Musulmi kuwa gawa ce kamar kowace gawa, tana da hakkin ruwa da likkafani da sahu. Ranar da na buɗe baki a zaure, masu rai nake tunani. Ban tuna da waɗanda aka riga aka rufe ba, balle iyayensu.

Na ce mata Allah niyya yake dubawa, kuma Jibrin da kyakkyawar niyya ya tafi, ba za a kama shi da abin da aka ɓoye masa ba.

"In niyya ta isa, Malam, mi yas sa ba ka bar mu da kalmarmu ba?"

Ta tafi ba ta jira amsa ba. Hajjo na tsakar gida, ta ji komai. Da ta kawo mini fura ta ajiye ta ɗan nesa da inda ta saba.

Alhamis, sha bakwai ga wata, bayan la'asar

Na je fadama. Albasar ta fara kwantar da kai. Na ja guga kaɗan, bayana ya ce ya isa. Na roƙi mai gonar gefe ya riƙa zuba mata in ya gama tasa, ya ce to, bai dube ni ba.

Tun shekaranjiya nake juya maganar Bara'atu. Har yanzu ina nan kan abin da na faɗa. Sai dai da na zaci gaskiya nauyinta a kan mai faɗinta yake, yanzu na ga har da waɗanda ba a shawarce su ba suke ɗauka.

Asabar, sha tara ga wata

Ba labari.

Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, da yamma

Tambari ya koma zama a zauren ubangidanmu. Mode ne ya kawo mini labarin, yana huci. Wai ya je ya ce shi dama bincike kawai ya nema, ba shi cikin masu cewa kaza ba kaza ba ne.

Ban ji haushinsa ba kamar yadda Mode ya so in ji. Tambari na da jikoki cike da gida, kuma gonar da suke ci ba tasa ba ce.

Mode ya ce, "Mu ukku munka ƙulla, yanzu saura biyu, kamar yatsuna." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya tambaye ni ko an ji wani abu daga hayin gulbi. Na ce masa sanyin bana ya fi na bara.

Laraba, ashirin da uku ga wata

Ba labari. Hajjo ta share ɗakin gabas, ɗakin Tukur, ta sake sharewa.

Juma'a, ashirin da biyar ga wata, bayan la'asar

Wani mai jaki ya shigo da labari. A bakin kasuwa an ce an ci garin. Kafin labarin ya iso unguwarmu ya zama ba a ko kai ganuwarsa ba. Ba a buga komai ba, ba a yi guɗa a ko'ina ba, ni kuwa na san abin da shirun nan ke nufi.

Ba labarin kowa da sunansa.

Lahadi, ashirin da bakwai ga wata, bayan la'asar

Sun kawo shi.

Da rai. Bari in fara rubuta wannan. Da ransa suka shigo da shi, su huɗu, a kan gadon kara, abokinsa Muntari ne a gaba. Kibiya ce a gindin wuya. Sun cire ta, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Idonsa a rufe, numfashi sama-sama. Leɓunansa sun tsage sun yi fari, har na kasa gane bakin ɗana.

Na tambayi Muntari yaushe rabonsa da ruwa. Yaron ya durƙusa, idonsa ya yi ja don gajiya, kafaɗarsa duk ta saɓule saboda ɗauka, ya amsa mini da muryar wanda ya cika amana.

"Baba, tun shekaranjiya da munka ɗauke shi bai yi magana ba, bai ci komi ba. Ko ɗigon ruwa ba mu ba shi ba. Mun ƙetare gulbi da shi ba mu bari ya taɓa bakinai ba. Mun tsare mai shahadatai."

Sai da ya maimaita na fahimta. Wani malami a sansani ya karanta musu cewa wanda aka ɗauko daga fage a some, bai ci ba, bai sha ba, bai yi magana ba har ya cika, hukuncinsa ɗaya da wanda ya faɗi nan take. Haka yake a littafi, na sani. Amma littafin halin wanda ya kasa sha yake faɗa. Su kuwa suka ji kamar an ce a hana shi. Don ƙauna suka yi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ɗaga hannu zan mare shi, na ga kafaɗar nan tasa, na sauke.

Hajjo ta riga ta ɗebo ruwa a ludayi tun shigowarsu, ta taho da gudu. Da ta ji maganar Muntari, da kuma gunagunin matan da suka cika gidan, sai ta tsaya cak a tsakar gida, da ludayin a hannunta. Ba ta iso ba, ba ta koma ba.

Na je na karɓa. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma sakar mini da sauƙi ba. Na ɗaga kansa na zuba kaɗan. Ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa mini hannun riga. Na sake. Bai haɗiye ba.

Litinin, ashirin da takwas ga wata, hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, ashirin da tara ga wata, bayan azahar

Masu gaisuwa ba su da yawa, don haka ina da lokacin rubutu.

Jiya kafin a gama rufe masa ido Tambari ya iso da saƙo. Ubangidanmu na yi mini ta'aziyya. Ya ce yaron shahidi ne ba shakka, tun da bai sha ba bai yi magana ba, a rufe shi da rigarsa yadda yake. Shi da kansa zai zo kushewa da jama'arsa, kuma abin da ya wuce ya wuce, buzuna na nan inda na bar shi. Tambari na faɗa yana kuka, na san da zuciya ɗaya ya kawo.

Mode ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya, abin da ban san ya iya ba.

"Kai kaɗai kag ga bakinai sadda kaz zuba ruwan. Ka ce ya haɗiye. Sai a yi mai wanka bisa hukunci, ba mai cewa don maganakka ta, ba mai jin kunya. Kowa shi huta."

Hanya ce mai kyau. Na daɗe ina dubanta. Limamin unguwa na tsaye yana jira, ya ce shi abin da uba ya faɗa zai bi.

Sai muryar Hajjo daga bayan zana. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa magana maza na zaure ba.

"Malam, don Allah ka bar mani shi da sunan da yas samu. Bai dawo da komi ba sai shi."

A bakin ƙofa ƙannen waɗanda suka tafi sun yi cincirindo, yara masu tashen gemu, suna leƙen rigar nan da jini ya bushe a kanta, da irin kallon da ake yi wa alkyabba. Baɗi za a sake buga kuge, na sani, su ma sun sani. Kuma akwai abin da ban iya faɗa wa uwarsa ba. Ɗana ya ja baka a kan masu salla. Ban san inda kibansa suka sauka ba, wataƙila a hayin gulbi akwai wani tsoho da ke zaune yadda nake zaune. Shahidi ba a tsayawa a roƙa masa gafara, an ce ba ya bukata. Ni kuwa ina so a tsaya a roƙa wa Tukur.

Na ce wa liman, da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji, "Bai haɗiye ba. Amma za a yi mai wanka, a yi mai salla, don inda yat tai ba jihadi ba na."

Hajjo ta ce, "Maganakka ta hi ma ɗanka." Ba ta ɗaga murya ba. Na ji tafiyarta ta koma ciki.

Wataƙila gaskiyarta ne. Na bincika zuciyata tun jiya, na sami tsoron Allah a ciki, na sami tausayin yaran nan, na kuma sami taurin kan Maigandi zaune a tsakaninsu, ban san wanne ya fi yawa ba.

Tambari ya tafi kai amsa, bai dawo ba. Sahu ɗaya aka yi, shi ma bai cika ba. Muntari ya tsaya a ƙarshensa yana kuka kamar ransa zai fita, har yanzu bai san ko daidai ya yi ko kuskure ba, ni kuwa ba ni da ƙarfin gaya masa.

Laraba, talatin ga wata, hantsi

Akwai abin da na tsallake jiya.

Ba wanda ya yarda ya yi wankan, sai ni da Mode. Muka kai shi bayan ɗakin gabas, aka kewaye da zana. Rigar ta manne da jikinsa, sai da wuƙa muka raba su. Ba kowa a kusa, matan duk sun koma wajen Hajjo, gidan ya yi tsit. Tulun da ke wurin tun asuba aka cika shi daga rijiya, na sa hannu na ji kamar ya cije ni. Na ɗauki ƙwarya zan ɗiba.

Sai na ji ana jan abu a ƙasa. Masaki ne ake turowa ta ƙarƙashin zana, yana tururi, an daka ganyen magarya an zuba a ciki. Hannun da ke turo shi na san shi, hayaƙi ya sa shi ya yi baƙi. Ashe tun da ta bar bayan zaure murhu ta nufa.

"Kar ku sa mai na tulun ga, da sanyi," in ji ta. "Ga wanga na ɗuma."

Na ce, "Hajjo."

"Ban yarda da kai ba, Malam. Ban kuma yahe ba tukuna." Ina jin numfashinta ta cikin zana. "In ka zo wurin baki, ka jiƙa mai leɓɓa da kyau. Kar ka yi sauri."

Mode ya tallafe kan Tukur da yatsun da suka rage masa. Na jiƙa, ban yi sauri ba.